Turancin JAMB: Inda Makinmu Yake Tsiyayewa



Sau uku na zauna JAMB. Ban cika faɗar haka a cikin mutane ba, amma tunda masu kula da wannan mujalla sun matsa mini in rubuta wani abu kafin mu 'yan ND II mu tattara komatsanmu, bari in fasa ƙwan kowa ya ji. A 2023 na ci 178. A 2024 na ci 191, da shi na shigo nan sashen lantarki. A duka biyun Lissafi, Fiziks da Kemistiri ba su kunyata ni sosai ba. Turanci ne ya riƙe mini ƙafa: 34 a karon farko, 39 a na biyu. A 2025, ina ND I, na sake sayen fom ba tare da na gaya wa kowa ba sai mahaifiyata, na ci 229, Turanci 67. Ku duba lissafin da kanku. Maki 38 na ƙaru da shi gaba ɗaya, 28 daga ciki daga Turanci kaɗai suka fito. Kuma wannan ita ce shekarar da sakamakon farko da hukumar ta fitar ya nuna cewa cikin mutum sama da miliyan 1.9 da suka zauna, fiye da miliyan 1.5 ba su kai 200 ba.

Ban bar Poli ba dai. Da na kai wa Baba takardar sakamakon, ya yi murna, sannan ya ce ƙwai a baka ya fi kaza a akurki, in ƙarasa difloma tukuna in nemi DE. Yanzu na ga hikimar maganarsa, amma wannan zance ne na wata rana.

Na san wani zai ce, mu da muka riga muka samu gurbi, ina ruwanmu da JAMB? To a leƙa hostal wajen watan Fabrairu, lokacin da ake rajista. Ƙalilan ne ɗakunan da ba za ka samu littafin tsofaffin tambayoyi a ƙarƙashin filo ba. Wasu na son jami'a, wasu na son sauya kwas, wasu kuma ƙannensu ne a gida suke jiran "yaya ɗan makaranta" ya dawo hutu ya koya musu. Ni ma yanzu haka nake fama da autarmu, wadda take son karatun jinya. Kuma abin da zan faɗa bai tsaya a JAMB ba, don duk wanda ya taɓa faɗuwa jarrabawar GNS saboda ya amsa tambayar da ba a yi masa ba, ciwon ɗaya ne.

Bari mu fara da yadda takardar take, don da yawanmu muna shiga ɗakin ba mu san fasalin abin da za mu tarar ba. Darussa huɗu ne, maki 400, kowane darasi 100. Tambayoyi 180: Turanci 60, sauran ukun 40 kowanne. Lokaci awa biyu cif. In ka raba minti 120 da tambaya 180, daƙiƙa 40 ke nan kowace tambaya, kuma a cikin wannan daƙiƙa 40 ɗin ne za ka yi karatun matanin, ba a ware masa wani lokaci daban ba. Tun 2015 kuma a kwamfuta ake yi gaba ɗaya. A manhajar Turancin, kashi na farko shi ne wanda malaman Hausa suke kira auna fahimta: matani guda mai tambaya 5, matanin cike gurbi mai tambaya 10, sai littafin da hukumar ta zaɓa mai tambaya 10. Tambaya 25 ke nan cikin 60. In ka ƙara da guda 5 na fassara ma'anar jimla, da 10 na kalmomi masu ma'ana makusanciya da kishiyoyi, waɗanda su ma a cikin jimla ake kawo su, za ka ga tambaya 40 sun rataya ne a kan abu ɗaya: ka karanta, ka gane abin da aka ce. Amma mu a lesin me muka fi ɓata lokaci a kai? Haddace dokokin nahawu da sautukan wasula. Sautukan nan da duk danginsu tambaya 10 ne kacal.

Abin da ya fara buɗe mini ido ba wani littafi ba ne. Abokin ɗakina ne, ɗan sashen koyon aikin jarida, ya tarar da ni wata rana ina fama da wani fasej, ya tsaya yana kallona kamar minti biyu, sai ya ce, "Malam, kai fa ba karatu kake ba, tafinta kake." Na ce kamar yaya? Ya ce leɓena motsi yake, yatsana yana bin layi, kuma duk ƙarshen jimla sai na ɗaga kai sama. Gaskiyarsa ce. Kowace jimla sai na karanta ta a hankali kamar mai tilawa, in juya ta zuwa Hausa kalma bayan kalma a cikin kaina, in ɗinke, sannan in wuce. Kafin in kai sakin layi na uku na manta na farko. Sai in koma. Sai agogon kusurwar allo ya nuna minti goma sha biyu sun tafi a kan tambaya biyar, zuciya ta fara bugawa, daga nan sai canki-canka.

Ba na zargin kowa a kan wannan. A sakandaren da na yi, da Hausa ake koyar da mu Turanci, malami ya cika allo da rubutu mu kwafa, ranar jarrabawa mu mayar masa da kayansa. Mun iya hadda, kuma hadda baiwa ce, ita ta ɗauke ni a Kemistiri. Sai dai matanin auna fahimta ba ka taɓa ganinsa ba, ba kuma za ka sake ganinsa ba. Babu abin haddacewa.

To me ya sa fassarar nan take ba mu wahala haka? Na daɗe ina tunanin wannan, kuma na lura da wurare biyu da Hausa take yi mana gata, Turanci kuwa ya bar mu a tsakiyar hanya.

Na farko, a Hausa kowane suna ko namiji ne ko mace, don haka wakilin suna yana nuna maka wanda ake nufi. Ka ce, "Kwamitin ya yi watsi da shawarar saboda ta yi tsada." Kowa ya san shawarar ce ta yi tsada. Ka ce, "saboda ya cika tsoro," kowa ya san kwamitin ne. A Turanci kuwa duka biyun "it" ne: "The committee rejected the proposal because it was too expensive," da kuma "because it was too timid." Sai ka tsaya ka auna da hankali wa ake nufi. Masu saita tambaya sun san wannan sarai, shi ya sa suke son tambayar me "it" ko "they" ko "this" take nufi a layi kaza. Dabarar da nake koya wa autarmu ita ce ta cire wakilin sunan, ta saka kowane zaɓi a gurbinsa, ta karanta jimlar. Wanda ya zauna daram shi ne.

Na biyu ya fi wannan cin mutane. A Hausa, komai tsawon jimla, dab da aikatau sai an sake tuna maka mai aikin da "ya" ko "ta" ko "sun". Turanci ba ya yi. Duba wannan: "The decision of the traders who had earlier refused to pay the new levy imposed by the council surprised everyone." Me ya ba kowa mamaki? Mai gaggawa zai ce hukumar, don ita ce kusa da "surprised". Wani zai ce harajin. Alhali matakin da 'yan kasuwar suka ɗauka ne, wanda aka ambata can a farkon jimlar. Duk abin da ke tsakani kaya ne aka ɗora wa jimlar. In ka haɗu da irin wannan doguwar jimla, sauke mata kaya: nemo wa ya yi, me ya yi, sannan ka mayar da sauran ɗaya bayan ɗaya. Mu 'yan lantarki kamar bin waya ne a cikin bango, ka bar rassan ka bi babban layi har ka iso soket.

Sai ƙananan kalmomin da muke tsallakewa muna neman manya. Wallahi har na gama sakandare ina ɗauka "he hardly works" na nufin yana aiki tuƙuru. Ashe kusan ba ya aikin ma. Haka "few" da "a few": na farko yana nufin kusan babu, na biyu yana nufin akwai 'yan kaɗan. Harafi ɗaya ne tsakaninsu, amma ɗaya kuka yake, ɗaya godiya. Akwai "seldom", "scarcely", "barely", duk korewa ce a ɓoye. Akwai "not uncommon", korewa biyu da suka haɗu suka zama tabbatarwa. Sannan ga masu juya akala: "however", "although", "yet", "nevertheless", "on the contrary". Marubucin Turanci yana da wata ɗabi'a, sai ya kwashe sakin layi guda yana shimfiɗa ra'ayin da bai yarda da shi ba, har ka sakankance, sannan ya ce "however" ya kawo nasa. In aka tambaye ka ra'ayin marubucin, ka ɗauko daga shimfiɗar, ka faɗi. Mu ma muna da irinta ai. In dattijo ya fara da "maganarka gaskiya ce, yaro, ka yi tunani," kowa ya san jira ake a ji "amma".

Yanzu ga inda nake so mu daɗe, wato zaɓuɓɓukan nan huɗu. Da can ina ɗauka amsa ɗaya ce daidai, sauran ukun kuma shirme ne aka cike gurbi da su. Ba haka ba ne. Kowane zaɓi na kuskure an gina shi ne don ya kama wani irin mai karatu. Bari in ƙirƙiro ɗan gajeren misali:

"Many farmers in the area now own mobile phones. Few of them, however, use the phones to check market prices, although the service costs almost nothing."

Tambaya: bisa ga matanin, manoman yankin

A. cannot afford the price service
B. mostly ignore a cheap service
C. never check market prices
D. need phones to sell their crops well

Zaɓi na A tarkon mai neman kalma ne. Ya ga "costs", ya ga "service", ya ga manoma, zuciyarsa ta ce ai talakawa ne, kuɗi ne babu. Alhali matanin cewa ya yi kusan kyauta ne. Na C tarkon mai zuzutawa ne: matanin ya ce kaɗan ne suke yi, bai ce babu mai yi ba, kuma ko bai yi da waya ba yana iya tambayar farashi a bakin kasuwa. Duk lokacin da ka ga "never", "always", "all", "only" a cikin zaɓi, koma ka duba ko marubucin ya kai maganarsa can. Yawanci bai kai ba. Na D shi ne ya fi haɗari, kuma shi ya fi kama masu ƙoƙari. Magana ce mai ma'ana, wataƙila ma gaskiya ce a rayuwa, kai kanka ka san manomin da waya ta taimaka masa. Amma a ina matanin ya faɗa? Babu. Amsar ita ce B, kuma ku lura ba ta ɗauko kalmomin matanin ba: "few use" ya koma "mostly ignore", "costs almost nothing" ya koma "cheap". Sau da yawa haka amsar gaskiya take zuwa, ta sauya riga. Wadda ta zo da rigar matanin sak, a binciki aljihunta.

Wannan na D ɗin shi ya fi cin makina a 2024, na gano daga baya da na zauna ina bitar irin kurakuraina. In matani ya zo a kan wutar lantarki ko noma, abin da na sani, sai in saki matanin in amsa da ilimina. Ka ɗauka kai alƙali ne, matanin kuma shi kaɗai ne shaidar da aka gabatar a gabanka. Abin da ka ji a gari ba ya shiga shari'a. Ƙa'idar da na kafa wa kaina ita ce ba na danna amsa sai na iya nuna layin da ya goyi bayanta.

Wani zai ce to tambayoyin da ake cewa "it can be inferred" ko "the writer implies" fa, ai su amsarsu ba ta cikin matanin. Tana ciki, ba a furta ta ba ne kawai. A nan autarmu ta koya mini darasi. Yarinyar nan tana iya cinye littafin Hausa na soyayya a waya cikin dare ɗaya. Wata rana tana ba ni labarin wani, sai ta ce, "Yaya, ai tun a babi na biyu na san uwargidan nan ƙarya take." Na ce marubuciyar ce ta faɗa? Ta ce a'a, ai cewa ta yi ba ta fita ba, can kuma aka ce takalminta da laka. Na ce to Auta, abin da ake kira "inference" ke nan, kin iya shi tun tuni, da Hausa kike yinsa. Taku ɗaya ake ɗagawa daga abin da aka rubuta, ba a yin tsalle. Takalmi da laka yana nuna ta fita. Bai nuna gidan boka ta je ba.

Haka batun ma'anar kalma "as used in the passage". Da gangan ake zaɓo kalmar da ka sani da wata ma'ana. "Novel" littafi ne, amma "a novel idea" sabon tunani ne. "Appreciate" godiya ce, amma in an ce naira ta yi "appreciate", daraja ta ƙara. "Sound" ƙara ce, amma "a sound argument" hujja ce mai ƙwari. Ma'anar da ta fara faɗo maka a rai tana nan cikin zaɓin tana jiranka, kuma galibi ita ce ba daidai ba. Koma jimlar, rufe kalmar da yatsa, ka tambayi kanka me ya kamata ya zauna a nan.

Sai tambayoyin da aka saka wa NOT ko EXCEPT. Babu wata dabara a nan illa ka ga kalmar. Ko da manyan baƙaƙe aka rubuta ta, ido mai gaggawa tsallake ta yake.

Ana yawan gardama a kan ko a fara karanta tambayoyi ko matani. Masu lesin da yawa suna cewa tambayoyi. Ni na gwada duka biyun, kuma ga abin da na tsaya a kai: matanin JAMB gajere ne, ka karanta shi sau ɗaya daga farko zuwa ƙarshe ba tare da tsayawa a kan baƙuwar kalma ba, sannan ka je tambayoyi kana komawa kana dubawa. Lokacin da nake fara karanta tambayoyi, sai in zama mafaraucin kalma, in faɗa tarkon A ɗin can na sama. Kuma tambayar taken da ya dace da matanin, ko manufar marubuci, ba ta amsuwa sai ka ga abin gaba ɗayansa. In kai ka gwada ɗaya hanyar da agogo ka ga ta fi maka, riƙe abinka. Amma ka gwada ɗin, kada ka ɗauka don wani ya faɗa.

Cike gurbi ba zan daɗe a kansa ba, ko da yake tambaya 10 ne. Karanta shi duka da guraben a buɗe kafin ka cike ko ɗaya, don ka gane fagen da ake magana: kotu ce, asibiti ne, banki ne? Kowane fage da kalmominsa. Alƙali "adjourn" yake yi wa shari'a, likita "prescribe" yake yi wa magani, kuma za a ajiye maka "describe" da "proscribe" a gefe don a ga ko idonka biyu. Wannan ba ya samuwa sai da yawan karatu a fagage daban-daban, wanda shi ne zai kai mu ga maganar da ba a son ji.

Kafin nan, littafin hukuma. A 2023 da 2024 duk The Life Changer na Khadija Abubakar Jalli aka yi, wato shekara biyu littafi ɗaya na samu, kuma duk da haka ban taɓa karanta shi ba. Taƙaitawa ta shafi huɗu da ake turawa a WhatsApp na haddace. A ɗakin jarrabawa sai ga tambaya a kan wa ya faɗi magana kaza, ga wa, a wane hali. Taƙaitawa ba ta ɗauke da wannan. A 2025 da aka koma The Lekki Headmaster na Kabir Alabi Garba, na karanta shi sau biyu, na farko don labari, na biyu da biro ina rubuta sunayen mutane da alaƙarsu. Waɗannan tambaya 10 su ne kaɗai a duk takardar Turancin da aka gaya maka tun da wuri daga inda za su fito. Barinsu asara ce da gangan. A tabbatar dai da littafin shekarar da ake ciki wajen rajista, don ana sauyawa.

To maganar da ba a son ji: duk dabarun nan na sama ba za su kai ka ko'ina ba in ba ka karatu kullum. Ga yadda na yi na kusan wata biyar, daga Nuwamba zuwa Afrilu.

Bayan sallar Asuba, kafin hostal ya kaure da hayaniyar 'yan ɗiban ruwa, minti ashirin. Sharhin edita na jaridar Daily Trust nake buɗewa a waya, ko wani ra'ayi na shafin tsakiya. Na zaɓi sharhi ne a kan labarai saboda shi ne mai hujja da juyi da "however", irin abin da ake kawowa a jarrabawa. Kuma a allo nake karantawa da gangan, don ido ya saba, tunda ba takarda za a ba ni ba. Ina gama kowane sakin layi sai in kife wayar in faɗi abin da ya ce a jimla ɗaya ta Hausa. A kula, ba fassara ba. Kamar yadda za ka gaya wa abokinka abin da aka ce a taron da bai je ba. In na kasa, to ban gane ba, sai in sake. A makon farko sakin layi ɗaya sai in yi masa sau uku. Abin da ban haushi, har na kusa bari.

A kwanakin farkon akwai wata 'yar dabara da ta taimake ni: in fara karanta labari a BBC Hausa ko Aminiya, sannan in nemi labarin abu ɗaya da Turanci. Tunda na riga na san abin da ya faru, sai kalmomin su riƙa buɗe kansu ba tare da ƙamus ba. Bayan wata guda na daina, don sanda ce ta mai koyon tafiya.

Leɓe kuwa, murfin biro na riƙa cizawa har ya daina motsi. Abokin ɗakina ya yi ta yi mini dariya, amma ya yi aiki.

Ƙamus sai na gama karatu nake buɗe shi, kuma kalma biyar kawai a rana, waɗanda na fara yi wa hasashe tukuna. Na Turanci zuwa Turanci, irin Oxford Advanced Learner's da ke laburare, saboda yana kawo kalmar a cikin jimla. Kalmar da ka rubuta tare da jimlarta tana zama. Wadda ka rubuta tsirara a jerin kalmomi ɗari, kwana uku ta gudu.

Ranar Asabar kuma tsofaffin tambayoyi, da agogo, Turanci 60 a minti 35. Na zaɓi 35 ne don in tara wa Lissafi da Fiziks rarar lokaci, su da suke buƙatar aiki a takarda. Wannan ma wata riba ce da ba a lissafawa: saurin karatu a Turanci maki ne a Fiziks. Amma abin da ya fi yin jarrabawar kanta amfani shi ne abin da nake yi bayanta. Na sayi littafin rubutu mai shafi 40, na raɗa masa suna littafin kunya. Duk tambayar da na faɗi sai in rubuta dalili a layi ɗaya: ban ga "not" ba, na amsa da abin da na sani, na ɗauki ma'anar farko, lokaci ya ƙure. Bayan mako shida da na duba, sai na ga kurakuraina ba su da yawa, iri uku ne suke ta maimaita kansu. Daga nan na san abin da nake yaƙa. Wanda yake yin tambaya ɗari biyar yana duba amsa a bayan littafi yana wucewa, kuskurensa kawai yake ƙara wa ƙwari.

Tunda na ambaci bayan littafi, a yi hattara. Wasu littattafan tsofaffin tambayoyin da ake sayarwa a bakin geti amsoshinsu akwai kuskure. Na taɓa kwana ina zargin kaina a kan wata tambaya, washegari na kai wa wata malamarmu ta GNS, ta duba ta ce, "Kai ne daidai, ɗana, littafin ne ya yi kuskure." In hujjarka tana cikin matani ƙarara kuma littafi ya saɓa, nemi wanda ya fi ka sani ya raba gardama. Masu cewa a turo kuɗi za su ba da amsoshin ranar jarrabawa ko su ƙara maki kuwa, ba sai na ɓata tawada ba. Kowa a nan ya san wanda aka wanke.

In da hali a yi jarrabawar gwaji da hukumar take shiryawa kafin ta gasken. Ba don makinta ba, don jiki ya san kujerar, da sanyin ɗakin, da agogon da ke raguwa a gabanka. A kuma saba da madannai: A, B, C, D na amsa, N na gaba, P na baya, S na miƙawa. Wanda bai saba da linzamin kwamfuta ba, waɗannan sun ishe shi. In tambaya ta ƙi, cire zaɓi biyun da ka tabbata ba su ba ne, ɗauki ɗaya cikin ragowar, wuce, ka dawo in lokaci ya ragu. Gurbin da aka bari fanko ba ya haifar da maki.

Autarmu yanzu tana mako na tara. Da farko ta ƙi littafin kunya, ta ce ita ba za ta rubuta abin da zai riƙa ɓata mata rai ba, sai da Umma ta sa baki. Duk Asabar da yamma nake kiranta, ta karanto mini abin da ta faɗi da dalilinsa, kuɗin katin kuma daga aljihuna. Makon jiya ta ci huɗu cikin biyar a auna fahimta, bakwai cikin goma a cike gurbi. Na ce wacce kika faɗi a biyar ɗin? Ta yi shiru, sannan ta ce, "Yaya, kada ka yi faɗa. EXCEPT ce. Kuma da manyan baƙaƙe aka rubuta ta."